Reshen Daga Baya

A ofishin tsara ruwan sha na garin, ba a taɓa jin wani ya ce a'a ba, kuma wannan ita ce cutarsu. Idan aiki ya yi wuya, sai a ce za a duba. Idan ya gagara, a ce a bar shi daga baya. A haka mutane suka yi furfura a kan kujerunsu, suka yi ritaya aka yi musu tafi, alhali rabin garin a jarka yake sayen ruwa.

Cikin wannan ofis aka kawo wata matashiyar injiniya da ma'aikata suka laƙaba wa Barkono, don ba ta iya ganin abu a karkace ta haɗiye yawu. Babban Injiniyan ofishin kawunta ne, ƙanen mahaifiyarta. Shi ya riƙe karatunta, shi ya fara nuna mata yadda ake karanta taswirar bututu tun lokacin da sai ta taka kujera take ganin saman teburinsa. A gaban mutane tana ce masa Yallabai. In an rufe ƙofa kuwa, Kawu.

Da ta zo, ta tarar da taswirorin garin a nannaɗe cikin durowa, ɓera ya ci gefen wasu, wasu kuma shayi ya yi musu tambari. Ga shi an ce ofishin ya kawo sabon tsarin faɗaɗa ruwa gaban kwamitin hukumar gari. Barkono ta ce ba da waɗannan tsummokaran ba. Ta zauna ta zuba garin gaba ɗaya a cikin kwamfuta, ta tsara shi kamar bishiya a gefen hagu na allo. Can sama tushe, wato babban tanki. A ƙarƙashinsa manyan bututai, ƙarƙashin kowane bututu unguwannin da yake shayarwa, ƙarƙashin kowace unguwa layukanta, har a kai ga famfon gida guda. Kowane reshe da 'yar kibiya a gefensa. Ka danna ta, reshen ya buɗe ka ga 'ya'yansa. Ka sake dannawa, ya naɗe, komai ya ɓace wa ido, saura layi ɗaya. In ka canza faɗin bututu a sama, canjin ya gangaro har ƙasa, ba sai ka bi gida-gida ba.

Abin da ta fi alfahari da shi launi ne. Duk inda lissafi ya nuna ruwa zai isa, reshen kore yake. Inda ba zai isa ba, ja wur. Kuma jan ba ya zama a inda yake, hawa yake yi: layi ɗaya in ya bushe, unguwarsa ta yi ja, bututunta ya yi ja, har tushe.

"Ƙarya ba ta da wurin ɓuya a nan," ta ce wa Dogo, mai zanen ofishin, wanda teburinsa ke maƙwabtaka da nata.

"Ke dai ba ki san ƙarya ba ne," in ji Dogo. "Ita ko a ramin allura sai ta shimfiɗa tabarma."

Akwai reshe guda a can ƙasan bishiyar mai launin toka. Ita ta yi shi da hannunta, domin layukan da ba a gama auna su ba, kada su ɓata lissafi kafin awonsu ya zo. Duk abin da aka sa ƙarƙashinsa, kwamfuta ba ta lissafa shi. Don tsokana ta sa masa suna Daga Baya. Har Kawu sai da ya yi dariya da ya gani.

Ita ta koya wa Kawu aiki da bishiyar. Da farko ya ce shi da takarda ya tsufa, da ita za a binne shi. Ta matsa masa, ta ɗora hannunta kan nasa a kan linzamin kwamfuta kamar yadda ya taɓa ɗora nasa kan nata a fensir.

"Danna, Kawu, kada ka saki. Yawwa. Janyo shi nan. To, saki."

Reshen ya tashi daga inda yake ya koma ƙarƙashin wani.

"Ikon Allah," in ji shi. "Unguwa guda na ɗauke da yatsa ɗaya?"

"Da yatsa ɗaya."

A ranar ta koma gida tana jin kamar ta tura dutse ya motsa.

Bishiyar duk ta yi kore ban da wuri guda: unguwar kan tudu, can ƙarshen bututun gabas. Ruwa yana isa gindin tudun, ƙarfinsa ya ƙare. A can mahaifiyar Barkono take zaune, a can Barkono ke kwana ta tashi, ta san ƙarar kurar mai ruwa da ke nishi a hawan nan kamar yadda ta san muryar innarta. Ta yi lissafi ta juya, ta gano maganin: a kafa injin tura ruwa a gindin tudun, a ƙara faɗin bututun gabas. Ta gwada a kwamfuta, jan ya sauka, komai ya yi kore shar. Ta kai wa Kawu.

Ya duba ya daɗe, ya gyara gilashinsa. "Aiki ya yi kyau, 'yar Yaya. Za a duba."

Ta ji kalmar ta soke ta, amma ta ce a ranta ai wannan Kawu ne. Ta cire injin daga tsarin kamar yadda ya umarta, kafin ya yi magana da na sama, tudun ya koma ja. Daga nan ya tura ta aikin awo a bayan gari, ta yi 'yan kwanaki ba ta leƙa ofis ba.

Ranar da kwamiti zai zauna ta dawo da safe, ta tarar ofis ana ta annashuwa. An share, an goge tagogi, har an sauya labulen da ya yi shekaru yana reto da ƙusa ɗaya. Dogo ya tare ta da murmushi.

"Barkono, bishiyarki ta yi ganye. Kore daga sama har ƙasa."

Ta ajiye jakarta ta kunna kwamfuta. Gaskiya ne, tushe kore, bututun gabas kore. Wani daɗi ya taso mata. Ashe Kawu ya duba ɗin da gaske, ya sa an amince da injin. Ta danna kibiyar bututun gabas don ta ga inda ya kafa shi. Unguwanni suka jero. Babu inji. Ta bi su da ido zuwa ƙarshe, babu tudun ma. Ta buɗe bututun arewa, ko kuskure aka yi aka sauke shi can. Babu. Ta buɗe na kudu, na yamma. Sai yatsanta ya tsaya da kansa, don ta riga ta san inda ya rage, inda ba ta so ta duba.

Ta gangara ƙasan bishiyar, ta danna kibiyar reshen mai launin toka. Ga ta nan, unguwar kan tudu ɗungurungum, da layukanta da gidajenta, an ɗauke ta an cusa ƙarƙashin Daga Baya an naɗe.

"Dogo. Wa ya taɓa wannan?"

Murmushin ya bar fuskarsa. "Ni dai ko kusa ban zo ba. Kin san ni da zane kawai."

"Na ce wa ya taɓa?"

Dogo ya dubi ƙofar Babban Injiniya, ya rage murya. "Da kansa ya zauna a kujerarki. Ko taimako bai nema ba. Ai kin koya masa da kyau, hannunsa ma ya daina rawa."

Ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta tarar da shi yana jera takardun da za a sa wa hannu. Ta mayar da ƙofa ta rufe.

"Kawu, ina tudu?"

"Ba gaisuwa?"

"Ina kwana, Kawu. Ina tudu?"

Ya ajiye takardun. Bai yi musu ba, bai ma yi kamar bai gane ba, wannan ya fi komai ci mata rai.

"Zauna."

"A tsaye nake ji da kyau."

"To tsaya. Abin da aka ware wa aikin nan ba zai ɗauki injinki ba. Na tambaya, na roƙa, har inda ba na son zuwa na je. In muka shiga da ja a allon nan, kin san abin da za su ce? A koma a sake nazari. Na ga tsari ya shiga durowa a kan abin da bai kai wannan ba, kuma bai fito ba har yau. Sai kowa ya rasa, na tudu da na kwari. Da babu gara ba daɗi."

"To ka shiga ka ce musu haka! Ka ce ga ja nan, ga dalilinsa, ga maganinsa, ku zaɓa. Amma ka ɗauke mutane ka tura su ƙarƙashin gado kamar kayan wanki don baƙi za su zo?"

"Ba a share su ba. Suna nan."

"Suna nan inda ba a lissafi da su. Reshen nan na yi shi ne don layin da ba a auna ba. Tudun nan ni na auna shi da ƙafata, ba abin da ya rage. Ka tura ni bayan gari ne don ka sami kujerata?"

Ya kawar da kai yana gyara takardun. Wannan ya amsa mata.

"Kawu, Inna fa tana can. Yayarka."

"Kada ki koya min wace ce yayata." Muryarsa ta ɗan tashi, sannan ya sassauta. "Yarinya, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

"Ni tudu nake hawa kullum, kuma abin da nake gani mata ne da bokiti."

Ya tashi ya ɗauki hularsa. "Ke za ki riƙe kwamfuta a taron nan, don ke kika fi kowa sauri. Ki nuna abin da aka tambaye ki. Abin da yake naɗe ki bar shi a naɗe. Ban taɓa roƙonki komai ba, yau na roƙe ki."

Ta buɗe masa ƙofa ta matsa gefe. "Bismilla, Yallabai."

Ɗakin taron dogon tebur ne da kujeru masu laushi, da robobin ruwa masu sanyi a gaban kowa. Majigi ya haska bishiyar a bango, ta yi girma kamar ta gaske. Shugaban kwamitin dattijo ne mai fara'a, irin wanda ke kiran kowa ɗana ko 'yata don kada ya wahalar da kansa da riƙe suna. Kawu ya yi bayani, Barkono tana buɗe rassa tana naɗewa. A buɗe bututun arewa, ta buɗe. A nuna asibiti, ta nuna. Wani ɗan kwamiti ya ce a nemo masa layin gidansu, da ya gan shi kore ya yi ta dariya yana cewa yau matarsa za ta yarda yana aiki.

"Kai, madalla," in ji Shugaba. "Ka ga aikin zamani. Babu rufa-rufa, komai a fili. 'Yata, akwai abin da ya rage ba mu gani ba?"

Ta ji idon Kawu a gefen fuskarta. Ta tuna kuɗin makaranta, ta tuna ranar da ya zo bikin kammala karatunta da babbar rigar da ba ta taɓa ganin ya sa ba.

"Akwai, ranka ya daɗe."

Ta gangara ƙasa, ta danna kibiyar. Reshen toka ya buɗe a bango, layukan tudu suka zubo har suka cika allon.

"Wannan unguwar kan tudu ce. An cire ta daga lissafi, shi ya sa kuka ga kore. Ga ainihin tsarin da za ku sa wa hannu."

Ta kama unguwar, ta janyo ta sama, ta sake ta a ƙarƙashin bututun gabas. Kwamfuta ta ɗan yi jim. Sai tudun ya yi ja, bututun gabas ya yi ja, jan ya hau har tushe.

Ta jira ɗakin ya ɗauki zafi. Ta jira a buga tebur, a ce wa ya yi wannan. Har ta shirya abin da za ta faɗa don ta rage wa Kawu nauyi, cewa ba mugunta ba ce, tsoron durowa ne.

Shugaba ya buɗe robar ruwansa ya kurɓa.

"Af, tudu? Ai mun sani, 'yata. Babban Injiniya ya yi mana bayani tun makon jiya. Ko ba haka ba?"

Kawuna suka gyaɗa kewaye da teburin.

Barkono ta dubi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Ashe ba kwamiti aka ɓoye wa ba. Kowa a ɗakin ya sani, ita kaɗai aka tura bayan gari. Koren nan ba don a ruɗe su aka yi shi ba, don su sami abin da za su kalla ne lokacin da suke sa hannu.

"Sai dai kin yi gaskiya a abu guda," Shugaba ya ci gaba. "Sunan nan bai yi ba. Daga Baya? In 'yan jarida suka gani sai su ce mun yi watsi da mutane. A mayar da ita can, a sa masa Zango na Biyu."

"Yawwa!" in ji mai layi kore. "Ka ji magana. Zango na Biyu."

"Yaushe ne zango na biyun, ranka ya daɗe?" ta tambaya. "Wace shekara? Da wane kuɗi?"

Aka yi dariya, irin wadda ake yi wa yaro in ya tambayi inda rana take kwana.

"Lalle Barkono ce," in ji Shugaba. "Za a duba, 'yata. Mayar mana da ita, lokaci na tafiya."

Ta ɗauke hannunta daga linzamin ta ɗora a cinya. "Ba da hannuna ba."

Shugaba ya dubi Babban Injiniya, kallon da ke cewa 'yarka ce, ka san yadda za ka yi da ita. Kawu ya tashi a hankali, ya zagayo teburin, ya tsaya a kanta har tana jin ƙamshin turarensa. Bai ce ta tashi ba. Ya miƙa hannu ta gefen kafaɗarta ya kama linzamin, ya danna, ya janyo, ya saki. Jan ya sauka daga tushe kamar an zare shi. Ya rubuta sabon sunan da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi, sannan ya naɗe reshen. Aka miƙo takardu, biro ya zagaya.

Ba ta tsaya shan shayin da aka kawo ba. Ta sa kwamfutarta a jaka ta fita. Dogo ya biyo ta har bakin matakala yana cewa ta yi haƙuri, ai haka ake yi, shi ma da ya zo da zafinsa ya zo. Ta ce masa to Allah ya ƙara sanyi, ta sauka.

Bas ya sauke ta a gindin tudu, don direbobi ba sa son hawan. Rana ta karkata amma da sauran zafinta. Tun daga ƙofar gida ta ji ƙarar guduma da hayaniyar mata. Ta shiga ta tarar da mai gyaran famfo durƙushe a tsakar gida, ya fasa siminti kusa da madafa, ya kafa sabon bututu, yana naɗa farin zare a wuyan kan famfo mai walƙiya. Maƙwabta biyu na tsaye suna ba shi shawarar da bai nema ba.

"Ga injiniyarmu!" in ji Inna, fuskarta kamar an ba ta kyautar duniya. "Kawunki ya bugo da rana, ya ce an sa hannu. Na ce ba zan jira ruwa ya zo ya tarar da ni ban shirya ba. Nan ya yi, ko a matsar da shi kusa da wurin wanki?"

"Me ya ce miki daidai, Inna?"

"Ya ce an sa hannu, a gode wa Allah."

"An sa hannu. Amma ba da mu ba."

Ta faɗa musu a tsaye, ba ta rage komai ba, har da abin da ta yi a gaban kwamiti. Mai gyaran famfo ya dakata da zarensa. Murnar ta janye daga fuskar Inna, wani abu ya maye gurbinta, kuma ba abin da Barkono ta zata ba ne.

"A gaban mutane kika yi masa haka?"

"Inna, cire mu ya yi."

"Na ji. Na ce a gaban mutane? Mutumin da ya riƙe ki? Rashin ruwa mun saba da shi, da shi na haife ki na yaye ki. Amma ki tsaya cikin manya ki kwance wa kawunki zani, wannan da wane ruwan za a wanke shi?"

Barkono ta sauke jakarta daga kafaɗa. Duk hawan nan da ta yi, ta ɗauka aƙalla a nan za a ce mata sannu.

Maƙwabciyarsu ta dama, tela ce mai baki kamar almakashinta, ta gyara mayafi. "Ni fa ban gane cirewar nan ba. Ana cire unguwa kamar aljihu? Nuna min in gani da idona."

Barkono ta zauna a bakin dakali ta buɗe kwamfutar a cinya. Ta nuna mata koren, ta gangara ƙasa, ta danna kibiyar. Layukan suka zubo.

"Wannan naku ne. Ga gidanki, na uku daga kwana."

Telar ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa allon. "To me ya sa mu muka yi toka kamar an yi gobara?"

"Don ba a lissafa da ku ba."

"Iye!" Ta miƙe ta nufi katanga, ta ɗaga murya tana kiran matar gidan baya, ta zo da maigidanta su ga inda aka ajiye su. Kafin wani lokaci tsakar gidan ya cika, kowa na cewa a buɗe masa nasa layin, wasu na tambayar a ina kwamitin nan yake zama, kuma ranar yaushe.

Inna tana gefe, hannuwanta a naɗe a ƙirji. Sai da hayaniyar ta ɗan lafa Barkono ta ji tsayuwarta a bayanta.

"Namu fa?"

Barkono ta buɗe layinsu, ta ɗora 'yar kibiyar allo a kan gidan. Inna ta daɗe tana kallo, kamar mai neman fuskar wani a tsohon hoto.

"A ɗakin can aka haifi kawunki," ta ce, ta nuna da haɓa. "Ni na fara goya shi."

Ta juya ta shige ciki.

Mai gyaran famfo ya ɗaga kan famfon sama yana duban Barkono. "Injiniya, in ɗaura ne, ko in tattara kayana?"